ABOKAN MANOMI MASU BARCIN RANI DA YADDA ZA KA KIYAYE SU

GABATARWA

Ɗan'uwa manomi, da zarar ruwan sama ya ɗauke, aka gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ji gona da lambu sun yi tsit. Kukan kwaɗin nan da ke hana ka barci a watan Agusta babu shi. Tana ta ɓace. Bushiya ma sai ka daɗe ba ka ga sawunta ba. Mutane da yawa suna zaton mutuwa suke yi. Wasu ma cewa suke yi kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwan farko. To, ba haka ba ne. Suna nan cikin gonarka, wasu a ƙarƙashin ƙasa, wasu a gindin shinge, wasu cikin tarin ganye. Barci suke yi, suna jiran damina.

Waɗannan halittu ma'aikatanka ne da ba ka biyan su ko kwabo. Su ne suke cinye tsutsa da fara da gyare da sauran ƙwarin da ke ɓata amfanin gona. Idan ka hallaka su da rani, to da damina kai ne za ka biya kuɗin aikinsu a shagon mai maganin feshi.

An shirya wannan takarda domin manoma da masu lambu na Na'ibawa da kewayenta, da waɗanda ke noman rani a bakin rafukan da suka ratsa Sharaɗa da Challawa da Bompai. Amma duk manomin ƙasar Hausa zai amfana da ita.

MENE NE BARCIN RANI?

A ƙasashen Turai, kamar Ingila da Faransa, sanyi ne yake korar ƙananan dabbobi su shiga ɓuya. Bushiyar can takan kwanta tun wajen watan Nuwamba, ba za ta tashi sosai ba sai Maris. Mu a nan ba mu da ƙanƙara. Abin da yake sa namu su kwanta shi ne rashin ruwa da rashin abinci. A ƙasar Kano yawancin ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daga Oktoba zuwa Mayu, wajen wata bakwai ke nan, ƙasa a bushe take. Ga ɗarin Disamba da Janairu, ga kuma zafin bazara wanda yakan kai maki 40 a ma'aunin zafi cikin watan Afrilu.

Dabbar da za ta yi barcin rani takan ci ta ƙoshi da damina, ta tara kitse. Sa'an nan ta nemi wuri mai inuwa da ɗan damshi ta lafe. Numfashinta ya ragu, bugun zuciyarta ya ragu, ta daina cin abinci. Kitsen nan shi ne guzurinta, kamar dai yadda rumbu yake a gare ka. Saboda haka idan aka tone ta a tsakiyar rani, ko da ba a kashe ta ba an cuce ta. Za ta ƙone guzurinta wajen gudu da neman sabon makwanci, kuma da wuya ta kai damina.

SU WANE NE, KUMA INA SUKE KWANA?

1. Kwaɗo. Shi ne babban mai gadin lambu da dare. Yana cin gyare, da tsutsar da ke yanke shuka daga tushe, da gara, da ƙwaro iri iri. Da rani yakan shige ƙarƙashin dutse, ko tsagar ƙasa, ko ramin ɓera da aka bari, ko gindin randa. Babban nan da ake kira burduddugi yakan nutse cikin taɓo kafin ya bushe, ya lulluɓe jikinsa da saɓarsa rufi a kan rufi, don kada ruwan jikinsa ya ƙafe. Ka lura da wannan: kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake tsotsa. Don haka duk gubar da ke cikin ruwa ko ƙasa kai tsaye take shiga jikinsa.

2. Bushiya. Da dare take kiwo. Tana cin ƙwaro, da fara, da dodon koɗi, da ƙadandoniya wadda ke ɓata gyaɗa. Ba ta cin hatsi a tsaye kamar gafiya. Idan abinci ya yi wuya da rani takan dunƙule cikin tarin ganye, ko gindin darni, ko tsohon suri, ta yi makonni ba ta fito ba. Idan ta ji haɗari ba ta gudu, dunƙulewa take yi. Wannan dabara tana tsare ta daga kare, amma ba ta tsare ta daga wuta.

3. Damo. Ba banza aka ce masa sarkin haƙuri ba. Yakan shafe yawancin rani cikin rami ko kogon itace ba ci, da kitsen da ya tara a jikinsa yake rayuwa. Abincinsa ƙadandoniya, da dodon koɗi, da gyare, da buzuzu. Kada ka haɗa shi da guza, wanda ke zama a bakin ruwa yana satar ƙwai da 'yan tsaki.

4. Tana. Ita ce garmar da ba ta gajiya. Tana huda ƙasa, iska da ruwa su sami hanya, tana jan ruɓaɓɓen ganye zuwa ƙasa, kashinta kuwa taki ne mai kyau. Da ƙasa ta fara bushewa sai ta yi ƙasa ƙasa, ta naɗe jikinta cikin ɗan ɗaki mai yauƙi. Ƙasar da ke da rufin ganye ita ce take riƙe tana. Fako ba ya riƙe ta.

5. Ƙoƙi-ƙoƙi, da gizo-gizo, da zanzaro, da rina. Duk mafarauta ne. Ƙoƙi-ƙoƙi takan manna ƙwanta a jikin reshe ko kara cikin wani abu kamar busasshen kumfa. In ka gan shi kada ka kankare. Ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a bango, abin da ya farauto ne yake cusawa a ciki don 'ya'yansa, wani irin tsutsa yake kamowa. Akwai kuma ɗan ƙwaron nan mai kamar rabin ƙwayar wake, ja ko ruwan ɗorawa da zanen baƙi, wanda ke cin ƙwarin darɓa. Shi ma cikin ciyawa da ganye yake fakewa.

6. Hawainiya. Ba ta da dafi ko kaɗan, duk abin da ake faɗa a kanta. Fara da ƙuda take ci. Takan binne ƙwanta a ƙasa, su yi watanni kafin su ƙyanƙyashe.

7. Gaiwa da kififiya. Masu fadama sun san su. Gaiwa takan haƙa cikin taɓo in tabki zai ƙafe, ta rufe jikinta da yauƙi ya bushe kamar jaka, ta bar 'yar ƙofar shan iska. Tana iya wuce shekara a haka. Ita ce babbar shaida cewa busasshiyar ƙasa ba matacciya ba ce.

ABOKAN GABA MA SUNA BARCI

Kada ka ce tunda haka ne sai a bar gona yadda take har shuka. A'a. Maɓarnata ma suna da nasu barcin rani, kuma dole ka san makwancinsu.

Tsutsar karan dawa, wadda ke huda kara ta kashe zuciyar shuka, cikin busasshen kara take kwana har wajen wata shida. Da an yi ruwan farko sai ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafin dare, ta zuba ƙwai a kan sabuwar shuka. Haka tsutsar karan gero. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero kuwa cikin ƙasar gona take kwana. Fara ma cikin ƙasa take binne ƙwanta. Tsutsar auduga tana cikin ragowar ƙwallon auduga da karanta. Ƙwarin darɓa masu yaɗa kuturtar gyaɗa kuwa a jikin gyauron gyaɗa suke samun mafaka. Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da wannan cuta ta cinye gyaɗar Arewa, har wasu manoma ba su mai da iri ba.

To, ka ga bambancin? Yawancin maɓarnata cikin ragowar amfanin gona suke kwana, wato kara da gyauro. Yawancin abokanka kuwa a gefe suke kwana, wato gindin shinge, da iyakar gona, da ƙarƙashin itace, da bakin rami. Daga nan muka sami ƙa'idar da za ka riƙe:

KA YI MAGANIN KARA DA GYAURO, KA ƘYALE GEFEN GONA.

Gaskiya ne wasu maɓarnata, kamar ƙadandoniya da dodon koɗi, su ma gefe suke fakewa. Amma ai can ne bushiya da damo suke iske su.

ABUBUWA HUƊU DA KE HALLAKA SU

Na ɗaya, wuta. Ita ce babbar annoba. Mutum ya cinna wa ciyawar iyaka wuta don ya huta da sassabe, ko yara su sa wuta don farautar gafiya. Cikin minti kaɗan bushiya da hawainiya da ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi sun zama toka. Ba su kaɗai ba, ƙasar ma ta yi asara. Sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore, wanda kake saye cikin buhun yuriya, hayaƙi yake bi ya tafi in an ƙone ciyawa. Tokar da ta rage kuwa iskar hunturu ta kwashe ta. Hausawa suka ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Gefen gonarka ma rumbu ne.

Na biyu, guba. Maganin feshi ba ya tambayar wane ne aboki, wane ne maƙiyi. Abin takaici kuma, maɓarnata sun fi saurin hayayyafa. Ƙwarin darɓa cikin kwana kamar goma sun ba da sabon zuri'a, kwaɗo kuwa sai damina ta zagayo. Shi ya sa wani lokaci za ka yi feshi, bayan mako uku ƙwari su dawo fiye da dā, don masu cin su sun mutu. Akwai darasi daga ƙasar Sin. A shekarar 1958 aka yi shelar kashe gwarare a duk ƙasar, wai suna cin hatsi. Da aka kusa ƙarar da su sai fara da sauran ƙwari suka yi wa gonaki rubdugu, dole a 1960 aka janye dokar.

Na uku, gurɓataccen ruwa. Wannan ya shafe mu nan Kano ƙwarai. Ruwan da ke fitowa daga unguwar masana'antu ta Sharaɗa yana bin rafin Salanta, ya haɗu da Tatsawarki wanda ke kwashe ruwan kwatamin unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Na'ibawa, su zuba a kogin Challawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, har zuwa dam ɗin Wasai. Cikin ruwan da aka jeme fata da shi akwai gishiri mai yawa da wani sinadari da ake kira kuromiyam. Wannan sinadari ba ya ruɓewa. Yana taruwa cikin ƙasa shekara da shekaru, yana kashe tana da 'ya'yan kwaɗi, wani kuma ya shiga ganyen da mutane za su ci.

Na huɗu, tono da farauta. Yara su tone damo, su kama bushiya su yi wasa da ita har ta mutu, su jefi kwaɗo don nishaɗi. Malamai sun gaya mana an hana kashe kwaɗo da ƙudan zuma. Ka ja kunnen yaranka, ka kuma nuna musu amfanin waɗannan halittu.

ABIN DA ZA KA YI

(a) Ka bar musu iyakar gona

Ka bar ɗan zirin ƙasa mai faɗin taku ɗaya ko biyu a iyakar gonarka, kada garma ko wuta ko feshi su taɓa shi. In akwai gamba ko jema, ka yanke ta daga sama don zana ko jinka, ka bar tushen da ganyen da ya zuba. Shingen lalle, ko zogale, ko aguwa, ko bini-da-zugu ya fi na kara, don ba ya ɗauke da tsutsa. Kada ka share ganyen da ya zuba a gindin shinge.

In kana da gawo a gona ka riƙe shi da kyau. Shi ne itacen da ke da ganye da rani lokacin da inuwa ta yi wuya, ya kuma kakkaɓe da damina ya ba shuka rana. Manoman Maraɗi a ƙasar Nijar, tun cikin shekarun 1980, suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon sarewa. Yau gonakin da dā suke fili fetal sun cika da itatuwa.

(b) Ka yi musu makwanci

Mai lambu ko ƙaramin fili a bayan gida, wanda ba shi da iyaka mai faɗi, ga yadda zai yi:

1. Ka zaɓi kusurwa mai inuwa, nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara da akurkin kaji. In fili ya ba ka dama, a sami taku 20 ko fiye.
2. Ka haƙa rami mai zurfin ƙafa 1, faɗi ƙafa 2.
3. Ka jera duwatsu ko ɓaraguzan bulo ko fasasshiyar tukunya a ciki, ka bar ƙofofi tsakaninsu.
4. Ka zuba busasshen ganye a kai, kaurin ƙafa 1, ka danne da 'yan rassa don kada iska ta kwashe.
5. Sau ɗaya a mako ka yayyafa ruwa mai tsabta kamar rabin bokiti. Damshi ake so, ba kwanciyar ruwa ba, don kada ka yi kiwon sauro.
6. Daga nan kada ka sake taɓa wurin sai damina ta kankama.

A gindin darni ko katanga ka bar 'yar kafa mai faɗin inci 5, bushiya ta sami hanyar shiga da fita. A Ingila ma haka masu lambu suke yi. In ka yi magana da maƙwabcinka shi ma ya bar tasa, ya fi kyau, don bushiya ɗaya takan zaga lambuna da yawa a dare guda.

(c) Ramin taki

Ramin taki jifa ɗaya ne tsuntsu biyu: ga taki, ga masaukin tana da kwaɗo. Mutanen Na'ibawa kuwa kayan haɗi na kusa da ku. Akwai ɓawo da ruɓaɓɓen kayan marmari a kasuwar 'Yan Lemo, akwai garin katako a 'Yan Katako. Amma ka kiyaye abu uku. Kada ka ɗauki garin katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara. Kada ka zuba ɗanyen garin katako kai tsaye a gindin shuka, don kafin ya ruɓe zai janye abincin shukar, ganye ya yi rawaya. Ka haɗa shi da kashin dabbobi, shimfiɗa a kan shimfiɗa, ya yi watanni yana ruɓewa. Ruɓaɓɓen mangwaro da lemo kuwa ka binne su can tsakiyar ramin inda ya fi zafi, ka rufe da ƙasa sosai, saboda tsutsar ƙudan da ke cikinsu. Ka tsince leda da batir da kwalba. Ran da za ka juya takin, ka fara daga gefe a hankali, kada ka caka cebur da ƙarfi a tsakiya.

(d) Yadda za ka yi da kara

Kowa ya san kara dukiya ne: ga darni, ga makamashi, ga abincin dabbobi. Ba a ce ka ƙone shi ƙurmus ba. Abin da ba a so shi ne a jingine shi tsaye a inuwar itace har damina, don nan ne tsutsa take jin daɗi. Ga hanyoyi uku:

1. Ka sare kara tun daga tushe, ka baje shi ƙasa a rana, ba tari mai kauri ba. Zafin rana da na ƙasa yana kashe tsutsa da yawa, cinnaka da tsuntsaye su tsinci saura.
2. Ka yi masa babbaka. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun ba da rahoto a 1980 cewa in aka babbake karan dawa da zarar an yanke zangarniya, wato wuta ta lashe ganyen kawai ba ta cinye karan ba, tsutsar da ke ciki kusan duka takan mutu, karan kuma ya ƙara ƙwari. A tsakiyar gona ake yin wannan, a fili, nesa da shinge.
3. Duk karan da ba a babbake ba, a ƙarar da shi a murhu ko a turke kafin ƙarshen Afrilu.

Gyauron gyaɗa ka tuge shi duk inda ka gan shi. Karan auduga ka tuge ka ƙone bayan tsinkar ƙarshe.

(e) In wuta ta zama dole

1. Ka share gewaye mai faɗin yadi 3 tsakanin wurin wutar da shinge.
2. Tarin da ya kwana, kada ka cinna masa wuta a inda yake. Ka ɗage shi da doguwar sanda zuwa fili tukuna, ka duba ƙarƙashinsa.
3. Ka kunna daga gefe ɗaya kawai, abin da ke ciki ya sami hanyar tsira.
4. Ka yi da sassafe ko da yamma in iska ta kwanta. Kada ka tafi sai ta mutu murus.

(f) Maganin feshi

Kada ka yi feshi don kawai ka ga maƙwabci yana yi. Ka zaga lambu ka duba ƙarƙashin ganye tukuna. In ɓarnar kaɗan ce, tsincewa da hannu ta isa. In ta fi haka, ka fara da 'ya'yan darbejiya: ka daka rabin kilo, ka jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka fesa da yamma. In sai an sa maganin kanti, ka nemi shawarar malamin gona, ka sayi mai lambar hukumar NAFDAC, ka bi awon da aka rubuta. Ka fesa wa shuka kawai, ban da shinge da makwanci da ramin taki. Kada ka wanke injin feshi a kududdufi ko rafi, ko da na darbejiya ne, don yana cutar da kifi. Mazubin da ya ƙare ka huda shi, kada a mai da shi na ruwan sha.

Gamalin, wanda dā ake zubawa a ruwa don kama kifi, haramtacce ne. Tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda aka hana amfani da su a aikin gona. Ɓera kuwa tarko ya fi masa guba, don mujiya ko kyanwa da ta ci mushen ɓeran guba ita ma tana iya bi.

(g) Ruwan ban-ruwa

Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga ruwan rafi ya yi baƙi, ko shuɗi, ko ja, yana kumfa, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka ja shi zuwa lambu, kada dabba ta sha. Kada kuma ka ruɗu da cewa in ya kwana a rami ya yi garau ya gyaru. Laka ce kawai ta kwanta, gishiri da gubar da suka narke suna nan. In da hali ka yi rijiya ko tiyubwel nesa da bakin rafin, ka kuma roƙi malamin gona ya nuna maka inda ake auna ruwa. Taɓon da aka yaso daga irin wannan rafi ba taki ba ne, kada ka zuba a fangali.

Kwaɗo ma ma'auni ne. In damina ta yi tsaka, kududdufan maƙwabta suna ta kuka, naka shiru, babu kuma 'ya'yan kwaɗi a ciki, to ka binciki abin da ke shiga ruwan. In ka ga ana zubar da ruwan masana'anta ba a tace ba, ku haɗu a ƙungiyance ku sanar da mai unguwa, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ko hukumar NESREA wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2007 don wannan aiki. Murya ɗaya ba ta kai ta ƙungiya ba.

(h) Rijiya da rami

Bushiya da kwaɗo sukan faɗa rijiyar lambu ko ramin tara ruwa su kasa fita, su mutu su ɓata ruwan. Ka yi wa rijiya murfi. Ramin da ba shi da zurfi kuwa ka jingina masa katako ko reshe a karkace, ya zama tsani.

TO, MACIJI DA KUNAMA FA?

Tambaya ce mai kyau. Wurin da ya yi wa kwaɗo daɗi yana iya yi wa maciji. Shi ya sa aka ce makwanci ya yi nesa da ɗaki. Tsakar gida da gindin rumbu da hanyar da ake bi, waɗannan a share su fes. Kada ka taɓa cusa hannu cikin tarin ganye ko rami, sanda ita ce hannunka. Ka sa takalmin roba mai tsawo in za ka yi aiki a gefen gona, ka riƙe tocila da dare. Ka sani kuma ɓera ne ya fi jawo maciji gida, don haka kada a bar hatsi a zube.

In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti nan take.

IN KA TONO ƊAYA DA KUSKURE

Kada ka bar shi a rana. In kwaɗo ne, ka mai da shi rami mai inuwa, ka rufe da ƙasa mai laushi da ganye, ka yayyafa ruwa kaɗan, sa'an nan ka wanke hannunka kafin ka taɓa ido ko abinci. In bushiya ce, ka ɗauke ta da tsumma ka sa ta gindin shinge, ka lulluɓe da ganye. Kada ka kai ta gida, kada ka ba ta madara, cikinta ba ya ɗauka.

AIKIN KOWANE LOKACI

Oktoba da Nuwamba: Sare kara, baje shi ko babbaka. Tuge gyauro. Haƙa makwanci da ramin taki. Share gewayen wuta.

Disamba zuwa Fabrairu: Lokacin gobara ne, a kula da yara masu farauta. Yayyafa wa makwanci ruwa. Masu noman rani su lura da launin ruwa da warinsa.

Maris da Afrilu: Ƙarar da tsohon kara. A yi sharar gona ba tare da an taɓa iyaka ba. Kai taki gona.

Mayu da Yuni: In shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, abokanka za su farka da yunwa, daidai lokacin da ƙwari ke ƙyanƙyashewa. Ka jinkirta feshi, ka ba su dama su yi aikinsu.

KA TUNA

Ba a ce kwaɗo da bushiya za su kawar maka da kowane ƙwaro ba. In fara ta zo da yawa, ko tsutsa ta ɓarke, dole a nemi taimakon malamin gona. Amma lambun da ke da masu gadinsa ya fi jure ɓarna, kuma kuɗin magani yakan ragu. Abin da ake nema a gare ka kaɗan ne: taku biyu na ƙasa, tarin ganye, rabin bokitin ruwa, da riƙe ashana a aljihu.

Ka gwada bana a kusurwa ɗaya ta gonarka. Da damina ka fita da tocila bayan sallar lisha, ka duba wannan kusurwa, ka duba sauran. Gani ya kori ji.

Don ƙarin bayani ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin KNARDA mafi kusa da kai. In ka gama karanta wannan takarda, ka karanta wa maƙwabcinka.